Gadin shanya a birnin Shikago

Duk wanda ya taɓa zama a babban gida, irin wanda ake ɗora tukunya ɗaya don baki talatin, ya riga ya san rabin siyasar jihar Ilinoi ta Amurka ko da bai taɓa hawa jirgi ba. A irin wannan gida akwai ɗan da ke fita kasuwa ya kawo kuɗin cefane, akwai 'yan'uwan da ke gona suna kawo hatsi, sannan akwai mabuɗin rumbu, wanda ba ya aljihun ɗan kasuwar. Birnin Shikago shi ne ɗan kasuwar nan. Shi ne na uku a girma a duk Amurka, mutanensa sun haura miliyan biyu da rabi, yana zaune a bakin tafkin Mishigan, tafkin da in ka tsaya a gaɓarsa ba ka hango ɗaya gaɓar. Amma gwamna da majalisar dokoki suna can Springfield, wani gari madaidaici a tsakiyar gonakin masara da waken soya, tafiyar awa uku da ɗoriya a mota. Mabuɗin rumbu yana can.

To, babban gida ba ya rabuwa da gori. Manomin kudancin jihar yana cewa birni ya cinye musu haraji, yana kuma ƙaƙaba musu dokokin da ba su nema ba. Ɗan birni yana cewa ai da kuɗinsa ake shimfiɗa wa ƙauye kwalta. Birni na jam'iyyar Dimokurat ne, karkara mafi yawanta ta Rifablikan ce, amma da yake ranar zaɓe kawuna ake ƙirgawa ba kadada ba, birni da kewayensa ke rinjaye. Abin ya kai wasu gundumomin karkara da dama sun kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi kan a duba yadda za su raba gari da gundumar Cook, inda Shikago take. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka. Kamar ƙanin nan ne da ya naɗe tabarmarsa ya ce ya bar gidan, ya je zaure ya zauna. Ba tafiya zai yi ba, so yake a san ransa ya ɓaci, kuma ɓacin ran na gaske ne.

In ka shigo cikin birnin, za ka tarar an raba shi mazaɓu 50, kowace da kansilanta. Kada ka ɗauka ƙaramin mutum ne. Mai unguwa ne da dillalin fili da sarkin kasuwa a riga ɗaya, domin bisa al'ada ba a sauya tsarin gini a mazaɓarsa sai ya gyaɗa kai. Edward Burke ya shekara 54 a kan wannan kujera, daga 1969 zuwa 2023. A ƙarshen 2023 kotun tarayya ta same shi da laifi, kuma cikin abin da ya kai shi ƙasa har da wani gidan abinci na Burger King a mazaɓarsa. Masu gidan suna son gyaran gini, shi kuma ya sa aka tsayar da aikin don su kai wa ofishinsa na lauyoyi aikin harajinsu. Mai unguwa ke nan da ya hana ka baibaye ɗakinka sai ka sayi shuci a wajensa.

Magajin gari kuwa, babban alƙalinsa dusar ƙanƙara ce, kamar yadda ruwan Agusta ke tona asirin wanda bai yashe kwatarsa ba. A Janairun 1979 dusa ta sauka har gwiwa, ta toshe tituna, motocin haya da jiragen ƙasa suka rikice, shara ta taru. Magajin gari Michael Bilandic bai iya share ta a kan lokaci ba. Kafin Fabrairu ya ƙare aka yi zaɓen fid da gwani, Jane Byrne ta kayar da shi, ta kuma zama mace ta farko da ta riƙe birnin. Tun daga lokacin babu magajin garin da ke barci mai nauyi in an ce hadarin hunturu ya haɗo.

Akwai wata al'ada ta lokacin dusa da nake so mai karatu ya gani da idon zuci. Mutum zai fito da asuba da shebur, ya shafe awa guda yana haƙo motarsa daga cikin ƙanƙara, yana gumi a cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a famfo. In zai tafi aiki sai ya ɗauko tsohuwar kujerar roba, ko teburin guga, ko kwandon wanki, ya dasa a gurbin da ya share. Babu dokar da ta ba shi wurin, titi na kowa ne. Amma jarkar da aka ajiye a layin burtsatse ma babu dokar da ta ba ta layi, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya in ka ture ta. Mutumin da ya ɗauki gurbin mota ɗaya da wannan muhimmanci, yaya kake jin zai ji in aka ce an jinginar da gefen titunan birnin kaf?

Haka kuwa aka yi. A Disamban 2008, lokacin da tattalin arziki ya karye, magajin gari Richard M. Daley ya kawo wa majalisar birni takardar ba da hayar mitocin ajiye mota, kusan 36,000, ga wasu masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin bankin Morgan Stanley. Shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. Kwana biyu kacal kansiloli suka samu don duba takardun, suka amince da ƙuri'a 40 da 5.

Bari mu mayar da ita rijiya. Unguwa tana da rijiya, duk wanda ya ja ruwa yana jefa ɗan abin da ya sauƙaƙa don sayen igiya da guga. Shekara ta yi tsanani, sai mai unguwa ya jinginar da rijiyar ga baƙo na tsawon rayuwar mutum guda. Kuɗin jinginar bai gina sabuwar rijiya ba, cefanen shekara biyu ko uku aka yi da mafi yawansa. Baƙo ya zo ya ƙara kuɗin guga, a wasu unguwannin har ninki huɗu. Abin da ya fi ciwo kuma, duk ranar da aka rufe rijiyar don a yashe ta, ko don biki zai bi ta gabanta, sai 'yan unguwa sun biya baƙo kuɗin ruwan da bai sayar ba. Haka yarjejeniyar take: in birni ya rufe titi ko ya cire mita, zai biya kamfani diyya. Babban mai binciken birnin ya fito a 2009 ya ce an sayar da abin ƙasa da darajarsa da kusan dala biliyan ɗaya. Cikin shekara goma da 'yan kai masu jinginar suka mayar da uwar kuɗinsu, abin da ya rage duk riba ce.

A wannan wata na Disamban 2008 dai jami'an FBI suka kama gwamnan jihar, Rod Blagojevich, bayan sun naɗi muryarsa a waya yana cinikin kujerar sanatan da Barack Obama ya bari, kamar mai neman tayi a kan rago ana jibi salla. An yanke masa shekara 14, Donald Trump ya sassauta masa ya fito a 2020. Tsofaffin gwamnonin Ilinoi huɗu ne suka shiga gidan yari daga shekarun 1970 zuwa yau. Amma wanda ya fi kowa daɗewa riƙe da marar kwasar tuwo ba gwamna ba ne, kakakin majalisar wakilan jihar ne, Michael Madigan, ɗan kudu maso yammacin Shikago. Daga 1983 zuwa 2021, in ka cire shekara biyu, kwanon kowa ta gabansa yake bi. A 2025 aka same shi da laifin rashawa da ya shafi kamfanin lantarki na ComEd, wanda ya riƙa biyan mutanensa kuɗi a kan aikin da kusan babu shi, aka yanke masa shekara bakwai da rabi. Adalci shi ne in faɗi wannan ma: gari ne da ake kai manya gaban alƙali, su kuma kwana a kurkuku. Ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu bari mu leƙa filin wasa. Mai karatu zai ce ina ruwan wasa da wannan duka. Ai daga rumbu ɗaya ake awo.

Shikago tana da ƙungiyoyi biyu na besbol, wasan da ake jefo ƙwallo mutum ya make ta da kulki ya ruga. Cubs suna arewa, White Sox suna kudu, zamansu kuwa zaman kishiyoyi ne: miji ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma in tukunyar wannan ta ƙone waccan ba ta rasa abin faɗa. Cubs sun ci kofi a 1908, daga nan shiru. A 1945 wani mai mashaya, William Sianis, ya zo filin Wrigley na Cubs da bunsurunsa, aka fitar da su saboda wari, sai aka riƙa cewa ya yi wa ƙungiyar baki. Camfi ne, amma camfin ya rayu shekara saba'in. Da suka ci kofin a 2016, bayan shekara 108, mutane suka yi ta zuwa jikin bangon filin da alli suna rubuta sunayen iyaye da kakannin da suka mutu suna jira. Wanda ya ga wannan bango ba zai ƙara cewa wasa wasa ne ba. Haka ma rigar nan ja mai lamba 23 da ake tsinta a dilar gwanjo, ta Michael Jordan ce na Bulls, da ya ciyo wa birnin kofin ƙwallon kwando shida tsakanin 1991 da 1998.

Wannan ƙauna ita ce igiyar da masu ƙungiyoyi ke ja. A 1988 masu White Sox suka ce in ba a gina musu sabon fili ba za su koma Florida. Gwamna James Thompson ya shiga zauren majalisa da kansa yana bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, wa'adi kuma sha biyun dare ne. Agogo ya ɗan gota, amma aka rubuta cewa an gama kafin lokaci, aka gina filin da kuɗin jama'a. Filin Soldier, inda Bears ke buga ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, an sabunta shi a 2003 da bashin da aka ce harajin otal zai biya, kuma bayan shekara ashirin ana bin ɗaruruwan miliyoyin daloli. Bashin bai ƙare ba Bears suka sayi tsohon filin sukuwa a Arlington Heights kan dala miliyan 197 a 2023, suka kuma dawo a 2024 da zanen sabon fili mai rufi a bakin tafki, suna neman gwamnati ta sa hannu a aljihu. Ka ɗauka mai shirya dambe ne ya ce a kira gayya a kewaye masa fili da zana, kowa ya kawo kara da igiya, ranar wasa kuma ya zauna a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga daga waɗanda suka yi gayyar. Gwamna JB Pritzker ya ƙi ba da kuɗin haraji don gina filin kansa, kuma a ganina ya yi daidai.

Duk abin da na zayyana, wani ne ya zauna a benci a zauren majalisa ko a kotu ya rubuta shi. Ɗan jaridar cikin gari shi ne yaron da ake sa wa gadin shanya. Aikinsa ba ya da ƙyalli, zama ne a rana da 'yar tsumagiya, amma ya tashi na minti goma ka ga abin da kaji da awaki za su yi. A 1977 jaridar Sun-Times, tare da wata ƙungiyar sa ido mai suna Better Government Association, ta sayi wata mashaya da ta lalace, aka sa mata suna Mirage, wato ƙawalwalniya. 'Yan jarida suka zama ma'aikatan wurin, masu ɗaukar hoto suka ɓuya a wani ɗan loko a sama. Jami'an duba gini da na kashe gobara suka riƙa zuwa, su ga wayar lantarki a tsirara da bututu na yoyo, su ɗauki ambulan su sa hannu, wani ambulan ɗin dala goma ce kawai a ciki. A Janairun 1978 aka fara buga labarin, kashi 25, da hotuna. Gani ya kori ji.

Yau yaron nan yunwa yake ji. Talla ta koma intanet, Sun-Times ta sallami dukkan masu ɗaukar hotonta a rana ɗaya a 2013. Chicago Tribune, wadda aka kafa tun 1847, ta faɗa hannun kamfanin zuba jari na Alden a 2021, tsofaffin hannu da yawa suka karɓi sallama suka tafi. Akwai ɗan tsiro a gefe. Da aka rufe wata kafar labaran unguwanni a 2017, wasu daga ma'aikatanta suka kafa Block Club Chicago a 2018, masu karatu na tara mata kuɗi kamar adashi, ta raba wakilanta unguwa-unguwa. Sun-Times kuma ta haɗe da gidan rediyon WBEZ a 2022 ta daina neman riba. Amma shanyar ta fi masu gadin yawa: kansila 50, majalisu biyu a Springfield, kotuna, 'yan sanda, makarantu, ga masu ƙungiyoyin wasa da lauyoyinsu.

Shi ya sa nake ganin duk ranar da takardar fili ko ta jingina ta sake zuwa gaban majalisa, a Shikago ko a Springfield, bai kamata kowa ya ɗaga hannu ba sai an baje ta a fili, 'yan jarida sun karanta, masu biyan haraji sun ji abin da ke ciki. Kwana biyu aka bayar a Disamban 2008. Jaririn da aka haifa a wancan watan sai ya shekara 75 kafin mitocin nan su dawo hannun birni.