Tsohon Keken Rali: A Sabunta Shi ko a Bar Shi da Tsufansa?

Yau a shirinmu na musamman zancen tsohon keke za mu yi, baƙin Raleigh ɗin nan mai birkin ƙarfe da tambarin zalɓe a goshi, wanda iyayenmu ke ce wa Rali.

A Ingila, inda aka soma ƙera shi a birnin Nottingham tun wajen 1887, akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin kekuna, har ƙungiya gare su mai suna Veteran-Cycle Club tun 1955. To amma kansu a rabe yake. Wasu, da zarar keke ya shigo hannunsu, sai su kwance shi kaf, a kankare fenti har sai farin ƙarfe ya fito, a fesa sabo, a manna sababbin tambura, ya fito yana ƙyalli. Hujjarsu ita ce tsatsa cin ƙarfe take yi, kuma wanda ya ƙera keken bai yi shi don a gan shi a koɗe ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa cewa suke kul, kada a taɓa. Fentin kamfani da siririn layin nan mai ruwan zinare da aka ja a jikin bututun, in aka kankare su shi ke nan, ko nawa ka kashe ba za su dawo ba. Su aikinsu wanki ne da shafa. A wanke da ruwan sabulu, a ɗiga mai a goge tsatsa a hankali, a bi da kaki don kada danshi ya shiga, sirdin fata na Brooks a yi ta ba shi mai har ya saki. Kuma sun iya karanta keke. In ka goge cibiyar ƙafar baya ta Sturmey-Archer mai giya uku, za ka ga an buga wata da shekarar da aka ƙera ta. Wanda ya cire ta ya yar, tamkar ya yaga takardar haihuwar keken ne.

Mu a nan fa? Ai Raleigh ba baƙo ba ne, don har a Kano an harhaɗa shi, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa da araha. Sai dai namu keken bai taɓa samun hutun zama kayan kallo ba. Ya ɗauki buhun gero, ya ɗauki jarkoki, ya kai malamin makaranta ƙauye. Duba wanda ke jingine a zauren wani dattijo: kariyar baya mai walda ne ya ƙara mata rodi, feda ɗaya ta wani keken ce, an naɗe bututun da leda mai launi, ƙararrawa biyu a kai. Wanne ne asalin a nan, yadda ya baro kamfani ko yadda shekaru suka mai da shi? A ganina, wanda ya cire rodin nan don keken ya yi kama da na hoton talla, ya share rabin labarin.

Ba cewa nake a hau keke da ruɓaɓɓiyar taya ba. Taya, sarƙa da robar birki dama don su ƙare aka yi su, a canza su ba gardama. In tsatsa ta huda ƙarfe, dole a kai wa mai walda, don rai ya fi tarihi. Amma fenti ko da ya koɗe, in har bai ɓare ba, a ƙyale shi. Duk abin da mai gyara ya cire, ko da ƙusa ce, a ce ya zuba a buhu ya miƙo, kada ta bi 'yan gwangwan.