Arlit da Akokan: Garuruwan da Ma'adini Ya Haifa

Kafin ƙarshen shekarun 1960 babu garin Arlit. Fili ne na hamada a arewa da Agadas, yamma da duwatsun Azbin, inda Abzinawa ke ratsawa da raƙumansu. Da Faransawa suka gano yuraniyom a wurin, sai aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara haƙa a 1971. Na biyu, COMINAK, ya soma nasa a 1978, kuma don ma'aikatansa aka gina Akokan, 'yan kilomitoci daga Arlit.

Kamfanonin suka zo da gidaje, da ruwan famfo, da asibiti. Wutar lantarki daga tashar gawayi ta SONICHAR da ke kusa da Cirozerin take zuwa, aka kuma shimfiɗa kwalta tun daga Tawa har Arlit. Abin ya kai har ana yi wa garin laƙabi da ƙaramin Paris.

Sai dai mazauna gidajen kamfani ba su ne mafi yawa ba. A gefensu unguwannin laka da bukkoki suka tashi: mahauta, teloli, masu shayi, direbobi, mata masu tuwo-tuwo, daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, ga makiyayan da farin 1973 ya raba da dabbobinsu. Sunan waɗannan ba ya cikin takardar albashi, amma da albashin suke ci. Ma'aikaci ya karɓa a ƙarshen wata, ya biya mai kanti bashinsa, mai kanti ya biya mai mota, haka kuɗin ke zagawa har su kai ga mai tallan ruwa. Shi ya sa duk lokacin da farashin yuraniyom ya faɗi, kamar a shekarun 1980 da kuma bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011, kasuwar Arlit ke jin jiki tun kafin a yi sanarwa.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da kusan tan 75,000 na yuraniyom. Ma'aikatansa kimanin 600 sun sami kuɗin sallama. 'Yan kwangila sai da suka yi ta kai ƙorafi. Mai shayin bakin ƙofa kuwa, wa zai tuna da shi? Ga tarin dusar ma'adini, wajen tan miliyan 20, an bari a bayan gari, wadda tururinta ba ya gushewa cikin shekara ɗari ko dubu. Ƙungiyar Aghir In'man ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan, da kan tsofaffin ƙarafan ma'aikata da ake saye a kasuwa a yi rufi ko tukwane.

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Mai ma'adinin ya canza, amma har yau abincin Arlit a kan ma'aikata ɗaya yake.