Gwame: A Auna Kafin Ƙashi Ya Ƙosa

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, idan gwiwoyin yaro suna gugar juna akan ce gwame ne, zai miƙe da kansa. Sau da yawa hakan ne. Jariri kan zo da ƙafa kamar baka, gwame ya bayyana wajen shekara 3 zuwa 4, ƙafa ta daidaita kusan shekara 7.

Awo ne ke raba wannan da ciwo. Ma'aikacin gashin ƙashi kan tsayar da yaro, ya haɗa masa gwiwoyi, ya auna tazarar da ke tsakanin idon sawu biyu. Idan ta wuce santimita 8, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta karkace, sai a ɗauki hoton ƙashi, don ƙarancin sinadarin kalshiyam kan tausasa shi.

Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, yana kusa. Asibitin CURE na Yamai kuma tun 2010 yake yi wa irin waɗannan yara aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.