Ƙarin lasifika ɗaya na iya ƙona amfilifayar masallaci

Daga Makwar, inda aka kammala madatsar ruwan Sennar a 1925, zuwa Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, lasifika ce ke kai muryar ladan har gonaki. Idan gari ya ƙaru, sai jama'a su haɗa kuɗi su ƙara lasifika a kan hasumiya. Sau da yawa daga nan ne amfilifaya ke soma zafi, murya ta shaƙe.

Dalili shi ne kowace lasifika tana da turjiyarta ga wutar da ke shigarta. Ana auna ta da om, galibi 4, 8 ko 16, kuma akan rubuta adadin a bayanta. Tsofaffin amfilifaya masu bawul, wato kwalaben nan da ke ja kamar garwashi, suna bukatar turjiyar dubban om. Taransifomar da ke tsakaninsu da lasifika ita ce ke daidaita ɓangarorin biyu. Idan naɗin wayarta 25 ne bisa 1, takan ninka turjiya sau 625, sai lasifika mai om 8 ta zama om 5,000 a wajen bawul. Aka sa mai om 4 a wannan gurbi, lissafin ya sauka zuwa 2,500, bawul ya wahala.

Yadda aka haɗa wayoyi ma yana canza lissafi. Lasifika biyu masu om 8, idan kowacce ta ɗauki wuta kai tsaye daga amfilifaya, sun koma om 4. Idan wutar ta ratsa ta farko kafin ta shiga ta biyu, sun zama 16. Sai a ɗaura waya a gurbin da ke ɗauke da adadin da ya fito.

Mai bawul ba a kunna ta babu lasifika, domin taransifomar na iya ƙonewa. Ta zamani mai taransista kuwa, ƙarancin om ne ke kashe ta. Inda lasifika ke da yawa ko waya ke da tsawo, gurbin 100V da ke jikin irin su Ahuja da TOA ya fi dacewa, muddin kowace lasifika tana da 'yar taransifomarta kuma jimillar wat ɗinsu bai wuce ƙarfin amfilifayar ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kayan gyara suka yi wuya, don haka gara a nuna wa mai gyaran rediyo lambobin kafin a hau hasumiya.