Old Wellington: Mashayar Katako da Ta Yi Ƙaura a Manchester

A tsakiyar birnin Manchester na Ingila akwai wata mashaya mai suna Old Wellington, wadda aka gina a 1552. Magina sun fara kafa ƙashin ginin da manyan katakai, suka haɗa su da turakun itace, sannan suka cike tsakaninsu da yaɓe. Shi ya sa bangonta yake da zanen baƙi da fari.

Da farko shagon yadi ne, sai a 1830 ta zama mashaya. Ta tsallake ruwan bama-baman da aka yi wa birnin a 1940. Bayan wani harin bam da aka kai a birnin a 1996, aka kwance ta katako bayan katako, aka sake harhaɗa ta kusa da babban cocin birnin. A yau dokar kare gine-ginen tarihi ta hana a rushe ta ko a sauya mata fasali ba da izini ba.