Bishiyar da Ake Reno a Cikin Kasko

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, zancen bishiya ne. Kada ku yi saurin buɗe shafi na gaba, domin wannan bishiyar ba irin wadda kuka saba gani ba ce.

Mutanen Japan suna da wata sana'a da suke kira bonsai, ma'anarsa shuka a cikin kasko. Daga ƙasar Sin suka samo ta tun ɗaruruwan shekaru, suka gyara ta yadda ta dace da su. Za ki ga bishiya sosai, da gindinta da rassanta da ɓawonta duk ya tattare don tsufa, amma tsawonta bai wuce gwiwarki ba, wata ma a tafin hannu za ki ɗauke ta. Ba wani iri ba ne na daban, kuma ba magani ake zuba mata ba. In kika ɗauki 'ya'yanta kika shuka a fili, ƙatuwar bishiya za ta tashi kamar kowace.

To me ya hana ta girma? Almakashi ne da haƙuri. Ana datse mata rassa da sababbin tofo, sannan duk bayan shekara biyu ko uku a ciro ta daga kaskon, a kakkaɓe ƙasar, a rage saiwoyin, a mayar da ita cikin sabuwar ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Siffar kuwa da waya ake fitar da ita, ta jan ƙarfe ko ta alminiyam. A nannaɗa wa reshe, a lanƙwasa shi a hankali, a bar shi watanni har ya saba, a kwance kafin wayar ta ci ɓawon. Wata za a tsayar da ita cak, wata a karkata ta kamar iska ce ta kaɗa ta, wata a zubo da ita ƙasa kamar wadda ta tsiro a bakin dutse. Wasu na cewa wannan ai zaluntar itace ne. Ni dai ban yarda ba, don wadda aka kula da ita takan daɗe ƙwarai, har ta ga jikokin mai ita.

Wahalarta ruwa. Kaskon ba shi da zurfi, ƙasar 'yar kaɗan ce, nan da nan ta bushe. A farkon shekarar 2019 ɓarayi suka shiga lambun wasu mata da miji a kusa da Tokyo, suka kwashe bishiyoyi 7, ciki har da wata mai kimanin shekara 400. Kun san abin da matar ta yi? Sai ta rubuta a Facebook tana roƙon ɓarawon ya taimaka ya riƙa ba ta ruwa, don ba za ta kai mako guda babu shi ba. Wallahi da na ji wannan sai da jikina ya yi sanyi. An yi miki sata, amma abin da ya fi damunki kada abin da aka sace ya ji ƙishirwa!

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na wani dattijo ne, Masaru Yamaki, mutumin Hiroshima. Gidansu ya gaji wata bishiya mai ganye kamar allura, irin wadda suke kira matsu, wadda aka fara renonta tun 1625, uba ya mutu ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a garin, kimanin kilomita 3 daga gidansu. Gilasan tagogi suka tarwatse suka ji wa mutanen gidan ciwo, amma Allah Ya yi da sauran kwanansu, bishiyar ma katanga ta kare ta. Shekara 31 bayan haka, a 1976, Amurka na bikin cika shekara 200 da samun 'yanci, Japanawa suka aika mata kyautar bonsai 53, Yamaki ya saka tasa a ciki. Bai ce musu uffan ba game da bam. Sai a 2001 jikokinsa biyu suka je Washinton ganin bishiyar kakansu, a nan ne masu kula da ita suka san abin da ta gani. Ki duba fa 'yar uwa, gadon gidanku na shekara 350, ki ɗauka ki ba wanda ya ƙone garinku, kuma ba gori. Ni kam ban san ko zan iya ba, mu da kan yi gaba da ƙawa wata guda a kan aron ɗankwali.

In sha'awa ta kama ki, ba sai kin je Japan ba. Tsamiya da kuka da cediya duk suna yi, kuma sun saba da zafinmu. Ki jiƙa ƙwallon tsamiya kwana ɗaya, ki shuka, ki bar ta ta yi shekara guda tana ƙarfi. Sannan ki ciro ta, ki datse doguwar saiwar nan mai nutsawa ƙasa, ki bar ƙananan na gefe, ki dasa ta a kaskon da kika huda wa gindi, da ƙasa haɗe da yashi mai tsakuwa. Farkon damina ya fi dacewa da wannan aikin. Ki ajiye ta a inuwa kamar mako biyu ta farfaɗo, daga nan a tsakar gida inda rana ke samunta, ba a kan kabat ɗin ɗaki ba. Da bazara ki taɓa ƙasar safe da yamma, in ta bushe ki ba ta ruwa. Kuma ki ɗora ta a wuri mai tudu, don akuyar maƙwabta ba ruwanta da shekarun da kika yi kina reno.