Giyar Otomatik: A Wajen Rufewa Ake Kashe Ta

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin direbobi, tun daga tashar Kachia har Zonkwa da Kafanchan, wai giyar otomatik ba a buɗe ta. Wai duk ranar da makanike ya sa mata sifana, ko da mai kawai zai juye, to mai mota ya fara tanadin kuɗin wata 'yar Beljiyam. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, maganar ta ƙara samun gindin zama, domin yanzu mutuwar giya kan kwantar da mota wata da watanni. Shi ya sa za ka ga mutum yana yawo da Camry ko Sienna wadda man giyarta ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ka ce masa ya canza, ya ce a'a, shi ba zai tono wa kansa rigima ba.

Masu wannan magana ba ƙarya suka shara ba. Sun ga motocin da suka shiga gareji da ƙafarsu, aka yi musu sabis ɗin giya, bayan mako biyu suka fara ɗiga, ko suka fara harbi in za su canza lamba. Wajen ɗora laifi ne suka kauce. Wani lokaci man da aka zuba ne ba nata ba, don Toyota mai shan WS daban, Honda mai shan DW-1 daban, mai CVT kuwa ba ta haɗa hanya da kowa. Wani lokacin kuma giyar ta riga ta gama cinye faibarta, sabis ɗin ya zo a makare. Waɗannan an sha faɗinsu. Wanda ba a cika tankawa a kansa ba, kuma shi ya fi ba ni takaici, shi ne mintunan ƙarshe na aikin, lokacin da Oga ya tafi wanke hannu ya bar wa yaro mayar da notuna.

A ƙarƙashin yawancin giyoyin Toyota akwai wani farantin ƙarfe marar kauri, wanda ake ce wa botom filet, kewaye da ƙananan notuna kusan ashirin masu kai lamba 10, da fakin tsakaninsa da jikin giya. Ka tsaya bakin rami ka ga yadda ake mayar da shi. Yaro zai ɗauki noti na farko ya murɗa har ya tsaya, ya ƙara masa wata murɗar da kafaɗa, sannan ya wuce na kusa da shi, haka zai bi su a jere har ya zagayo. Mai mota na tsugune yana leƙe, yana cewa, "Ɗan'uwa, ɗaure min shi da kyau fa, Kaduna za ni." Oga daga can bakin randa ya ɗaga murya, "Kai, ƙara masa, kada ya dawo mana da shi." Kowa ya gamsu, don a ganinsu ƙarfin hannu shi ne riƙon amana.

To littafin gyara na Toyota, a kan giyar U241E da ke cikin Camry mai fulogi huɗu ta farkon shekarun 2000, wadda muke kira Big Daddy, cewa ya yi a ɗaure waɗannan notuna a kan abin da bai ma cika Nm 8 ba. Notin tayar motar nan ɗin dai Nm 103 yake so. Idan sifanarka tsawonta santimita 20 ne, Nm 8 daidai yake da a rataya mata nauyin kilo 4 a ƙarshenta, aikin yatsu biyu ke nan. Saurayin da ya saba ɗaga giya kuwa, jan kilo 20 da hannu guda ba komai ba ne a wurinsa. Ya ninka abin da ake so sau biyar, shi kuwa yana jin bai ma fara ba.

Dalilin ƙanƙantar adadin a fili yake. Farantin nan tukunyar ajiye mai ce kawai, babu matsi a cikinsa. Abin da ake nema wurin notunansa shi ne su danne fakin daidai wa daida ta ko'ina.

Wanda ya taɓa ɗaure buhun citta a bayan babur ranar kasuwar Kachia ya san sirrin noti, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Robar ɗaurin kaya tana riƙe buhu ne saboda an ja ta ta miƙe, tana ta ƙoƙarin komawa yadda take. Ka ja ta kaɗan, ramin farko buhu ya zame. Ka ja ta fiye da kima, ko ta tsinke nan take, ko ta saki ta mutu, tana nan a ɗaure a ido amma ba ta riƙe komai, ko kuma ta nutse cikin buhun ta yaga shi. Noti ma haka yake. In ana murɗa shi miƙewa yake yi, miƙewar da ido ba ya gani, kuma wannan ja da yake yi don ya koma shi ne ɗaurin. Adadin da ke cikin littafi shi ne iyakar jan da shi notin da abin da ya danne za su iya ɗauka. A giyar otomatik, buhun da ke yagewa abu uku ne: bakin farantin, fakin, da tiredin da aka yanka a jikin alminiyam, wanda ya fi ƙarfen notin laushi nesa ba kusa ba.

In kana son ganin shaida, ka sa a cire farantin motar da ta daɗe tana ɗiga, a wanke shi, ka kifa rula ta ƙarfe a bakinsa ka ɗaga shi wajen haske. Za ka ga kowane ramin noti ya yi ɗan tudu, tsakanin tudu da tudu kuma haske yana ratsowa. A kan tudun fakin ya murƙushe har ya tsage, a tsakani kuma babu abin da ya danne shi, ta nan man yake bi. Mai mota ya dawo ya ce yana ɗiga, sai a ce ai bai ɗauru ba ne, a ƙara masa. Tudun ya ƙara tashi. A karo na uku tiredi ya ci, noti ya riƙa juyawa a banza, sai a ɗauko gam a lafta. Rarar gam ɗin da ta matso waje ita ake gani a goge. Wadda ta matso ciki tana nan, zafi zai ɓamɓare ta, mai ya kwashe ta ya kai kan filta. Alhali maganin tun farko guntun katako ne da ƙaramar guduma, a kwantar da tudun, a sa sabon fakin. Sai a fara kama dukkan notunan da yatsu, sannan a bi su a gicciye, wannan gefe sai kishiyarsa, zagaye biyu ko uku kafin a kai adadin.

Akwai abin da ke ƙara rikita jin hannu. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake sawa a sifana yana ƙarewa ne wajen gogayya, ƙarƙashin kan noti da cikin tiredi. Ɗan abin da ya saura shi ke miƙar da notin. Saboda haka noti mai tsatsa da ƙura zai yi maka tauri tun bai ɗauru ba, wanda ya sha mai kuma zai yi ta tafiya sumul har ya wuce iyaka. Kuma in ramin noti mai toshe ne, mai ya taru a ƙasansa ba a busa shi ba, notin zai matse man, shi kuwa mai ba ya matsuwa, sai jikin giyar ya tsage.

Wani tarkon kuma ya fi kama masu ƙoƙari. Da yawa daga motocinmu daga Amurka suka fito, kuma yaran gareji na yanzu suna da waya, suna bincike. Sai mutum ya ga an rubuta 69 ya ɗauko babbar sifana mai ma'auni ya saita ta a 69. Bai lura ba cewa Amurkawa suna da awo biyu masu kama da juna, in-lb da ft-lb, kuma na biyun ya ninka na farkon sau 12. Nm 8 ɗin nan shi ne 69 in-lb. Shi kuwa 69 ft-lb ya kai Nm 94, ya kusa ɗaurin taya. Notin ba zai ma jira a kai can ba.

Duk wannan a bakin ƙofa muke. In an cire faranti da filta, abin da ke kallonka shi ne balbodi, wani allon alminiyam mai cike da ƙananan hanyoyin mai, da bawul-bawul masu kai da komo a cikin ramukansu. Tazarar da ke tsakanin bawul da raminsa ba ta kai kaurin gashin kai ba. A nan ne matsin yake, domin in mota na jan kaya matsin mai a ciki yakan ninka iskar taya sau huɗu ko fiye. Notunansa su ma a wajajen Nm 10 suke. Ka matse gefe guda fiye da ɗaya, allon ya ɗan karkace yadda ido ba zai gani ba, bawul ya fara maƙalewa, musamman in giya ta ɗau zafi, tun da alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Daga nan ne ake samun motar da da safe lafiya lau, amma kafin a kai garin Idon ta fara harbi. Ka bar su sakwa-sakwa kuma, mai ya tsallaka daga wannan hanya zuwa waccan, matsi ya ragu, faiba ta riƙa sulɓi har ta ƙone. Notunan kuma ba tsawonsu ɗaya ba. Makaniken da ya san aikinsa yakan zana hoton allon a kwali, ya huda, ya soke kowane noti a gurbinsa. Wanda bai damu ba yakan zuba su duka a gwangwani.

Wajen ɗora giya a jikin inji ma ana ɓarna, kuma a nan ne zumunci ke lalacewa tsakanin mai mota da ɗan kasuwa. Kwambata, wato abin da ke haɗa inji da giya, dole ta zauna har ƙuryar famfon mai kafin a ɗaga giya, ana juya ta ana turawa har ta faɗa mataki-mataki. In ba ta zauna ba, giya za ta ƙi haɗuwa da inji, ya rage ɗan yatsa guda. Mai haƙuri zai sauke ya sake. Mai sauri zai ce a jawo ta da manyan notuna, su kuwa suna da ƙarfin da za su jawo, su fasa haƙoran famfon. A tayar da mota, a sa D, ta ƙi motsi. Sai a ce giyar Beljiyam ɗin ce matacciya, a ɗauke ta a koma kasuwar Panteka rigima.

Ni dai ban ga laifin tsofaffin Ogogi sosai ba. Yawancinsu a kan Fijo 504 suka buɗe ido, wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975, ita ce ta yi shekaru tana jigilar mutanen Kudancin Kaduna. Giyar hannu ba da matsin mai take aiki ba, ko tana ɗiga za ta kai ka gida, in batir ya mutu a tura. Hannun da ya koyi aiki a kanta, ɗauri tamau ya sani, kuma shi ya koya wa yaransa. Motocin sun canza, koyarwar tana nan inda take. Har ta kai wasu Marsandi masu giya bakwai notunan farantinsu na alminiyam ne, ana ɗaure su Nm 4 sannan a ƙara rabin zagaye, kuma in an kwance su sai shara. Otomatik kuwa ba a tura ta ta tashi, jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa kuma wata sabuwar ɓarna ce. Wanda ya san dajin da ke tsakanin Kasuwan Magani da Kachia ya san ba wurin da mutum zai so mai ya tsiyaye masa da magariba ba ne.

Sifana mai ma'auni ba ta kai kuɗin giya guda ba, ko kusa. Sai dai babbar da ake gani a wasu garejoji, mai farawa daga Nm 40, ba ta da amfani a nan. Ƙaramar ake bukata, mai awo daga wajajen 5 zuwa 25, kuma in an gama a sassauta ta a mayar ƙasa, kada a jefa ta cikin buhun kaya tare da guduma. In makanike ɗaya ba zai iya saya ba, reshen ƙungiyar makanikai ta NATA na gari zai iya ajiye biyu ko uku ana ara. Hukumar kula da harkar motoci ta NADDC kan shirya wa makanikai horo, an kuma buɗe jami'ar tarayya ta kimiyyar aiki a Kachia a 2025, ga makarantar sojojin atilare da ta daɗe a garin, inda ɗaure ƙarfe da awo ba baƙon abu ba ne. Da wani cikin masu ruwa da tsaki zai sauko daga kan mumbarin taro ya kwana biyu a bakin rami da yaran da ke mayar da notuna, da an rage asara. Amma irin wannan aiki ba a yanka masa kirtani, ba ya fitowa a talabijin.

Mu ma masu mota da namu. Mu ne ke tsaye a kan makanike muna duba agogo, muna cewa fasinja na jira. Mu ne ke ƙin sayen sabon fakin mu ce a mayar da tsohon a shafa gam. Kuma in muka ga yaro ya ɗaure noti da yatsu biyu ya ajiye sifana, mu ne na farko da za mu kira Ogansa gefe mu ce yaron nan ba ya son aiki.